Ina Billen Inna?

Ranar sadakar bakwai ta Inna, bayan baƙi sun watse, muka zauna a tsakar gida muna neman hotonta guda da za a wanke a raba wa 'ya'yanta. Jikoki kowa ya zaro waya. Hotuna sun fi ɗari, na sallah, na biki, na suna. Duk wanda aka miƙa wa Baffa sai ya kai shi kusa da ido, ya janye, ya girgiza kai. Can ya ce, "Wannan ai ba uwata ba ce. Ina billenta?"

Muka duba, babu bille. Babu tamojin goshinta, babu baƙin tabon sujada. Fuskar tsohuwar da ta haura tamanin ta koma sumul kamar ta roba, har ta fi jikarta haske. Filta ce ta yi aikinta, kuma ba wanda ya lura sai ranar da mai fuskar ba ta nan.

Abin ya mayar da ni baya kimanin shekara 25, lokacin da na ari kyamarar fim don bikin yayata. Fim ɗin mai ɗauka 36 ne, na ƙarar da shi a yini ɗaya ina jin kaina gwani. Da aka wanke, na kai wa wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu, wai don ya yaba. Ya baza su a kan tebur, ya gyara tabarau, ya ɗaga na farko.

"Ɗana, wa ka ɗauka a nan? Amarya ko turken lantarki?"

Na ce, "Amarya, Baba."

"To me ya sa turke ya tsiro daga tsakiyar kanta?"

Wallahi ban ga turken ba sai a lokacin. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga buta a gefen ƙafar ango. Ga igiyar shanya ta ratsa wuyan ƙawar amarya. Ga wanda na datse wa mutane ƙafa daidai idon sawu, na bar rabin hoton sararin samaniya. Ya ce ido yana zaɓen abin da yake so ya gani, kyamara kuwa ba ta da kara, duk abin da aka ajiye a gabanta sai ta kwashe. Don haka kafin ka danna, ka bi kusurwoyi huɗun nan da kallo, sannan ka dawo kan mutumin.

Inda ya fi daɗewa shi ne hoton iyaye mata zaune a tabarma. Ni ina tsaye na ɗauka, sai suka fito da manyan kawuna da ƙananan jiki, kowa ta ɗaga ido kamar mai roƙo. Ya ce, "Kai idan ka zo gaida su, a tsaye kake yi?" Na ce a'a, durƙusawa nake. Ya ce to kyamarar ma ta durƙusa. Na karanta bayanai da dama daga baya a kan daidaita kyamara da idon wanda ake ɗauka, amma ba wanda ya zauna mini kamar wannan. Har yau idan na ga hoton yaro ƙarami an ɗauko shi daga sama, muryar dattijon nake ji.

Sai maganar haske. Yawancin hotunan na yi su da tsakar rana, hula ta jefa wa maza inuwa har ido ya zama rami. Waɗanda na kai gindin darbejiya kuma suka fito dabbare-dabbare. Shi abin da ya fi so shi ne bakin zaure, ko hantsi, ko bayan la'asar, inda haske ke zuwa ta gefe a hankali. Ya kuma nuna mini matsalar da ke damun duk mai ɗaukar Bahaushe cikin farar shadda: idan kyamara ta auna hasken rigar, fuska ta yi baƙi ƙirin, idan ta auna fuska, aikin wuyan riga ya narke, kuɗin ɗinki ya tafi a banza. Ya ce a irin wannan hali fuska ake ceta, riga ta yi haƙuri.

A lokacin na ɗauka rashin iyawata ne kaɗai, ashe da laifin kayan aikin. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launin na'ura. Fatar da aka auna kenan, sauranmu sai yadda ta yi. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, yana cikin abin da ya ci kasuwar Afirka da shi, gyara kyamararsa da ya yi don ta fitar da baƙar fata da kyau. Abin takaici, bayan an samo mana na'urar da ke ganinmu, mu da hannunmu muke kunna abin da zai wanke mu ya mayar da mu fari.

Ba ina cewa gyaran hoto haramun ba ne. Dattijon nan ma yana gyara. Na sha ganinsa da ɗan siririn buroshi yana ɓatar da ƙura a kan hoto. Rage duhu, miƙar da hoton da ya karkace, yanke butar nan da ke gefe, goge ƙurjin da zai warke nan da mako, duk ba laifi. Iyakar da na sa wa kaina ita ce: abin da mutum zai kwana da shi ya tashi da shi shekara da shekaru, ba na taɓawa. Bille, 'yar baka, wushirya, furfura, launin fata. Da su ake gane shi, wani lokaci da su ake gane garinsu.

Saiti kuwa waya ta sauƙaƙa shi, amma mutane ba sa amfani da sauƙin. Taɓa fuskar mutum a allon waya da yatsa kafin ka danna, shi kenan. Rashin yin hakan ne ke sa ka ga furen labule tangaran, idon mai hoton dishi-dishi. Wani kuma ya kusanto da waya har hanci ya kumbura, kunne ya tsere baya, alhali taku biyu da baya sun isa gyara. Sabon yayin nan na dusashe bayan mutum, wanda ya bazu tun da iPhone 7 Plus ta zo da shi a 2016, yana da kyau idan ya dace, amma sau da yawa yakan cinye gefen ɗankwali da bakin mayafi, ya kuma shafe ɗakin gaba ɗaya. Nan da shekara 30, jeren kwalla da langa da ke bayan tsohuwa na iya zama abin da jikokinta za su fi ƙura wa ido. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana da zani mai zane a baya ya yi hotunan da yau ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma a cikinsu kana iya ƙirga zoben hannu da layin kitso.

Cikin hotuna 36 ɗin nan, guda ɗaya dattijon ya ware gefe. Na Inna ne, tana bakin ƙofar ɗakinta tana yi mini tsiya, wai angonta ya zama mai hoto. Ya ɗan karkace, hannunta ɗaya ya yi motsi ya dushe. Na ce ai wannan ya lalace. Ya ce, "Dubi idonta." Idon na nan tar, dariyar na nan, billen ya sauko daga karan hanci zuwa kumatu. Ya ce in adana shi, sauran in ga dama in ba yara su yi wasa.

Shi na tono daga ƙasan akwati a daren sadakar bakwai. Baffa ya riƙe shi ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a wanke guda tara.

Ku masu waya a hannu, idan sallah ta zo kuka je gaida tsofaffi, don Allah ku kashe filta, ku durƙusa, ku taɓa ido a allon kafin ku danna. Ku kuma wanke ko da guda ɗaya ne a takarda.