Amana Ba Ta Ganin Layi

A hutun babbar sallah na sauka gida Birnin Kudu da faifan roba a jaka, irin wanda ake wasan firizbi da shi. Da la'asar muka haɗa samarin unguwa da 'yan'uwanmu da suka zo daga Gwaram a filin wata firamare, muka ja layi da toka. Mutum bakwai-bakwai ne, ba a gudu da faifai a hannu, ana cin maki idan ɗan ƙungiyarku ya cafe shi a gidan abokan hamayya. Abin da ya fi burge su shi ne babu alƙali. Tun da ɗaliban wata sakandare a jihar New Jersey ta Amurka suka ƙirƙiro wasan a 1968, 'yan wasa ke hukunta kansu.

Ba mu yi rabin awa ba wani yaron Gwaram ya yi tsalle ya cafe faifai a bakin layi. Ya rantse yana ciki, namu suka rantse ya fita. Da ba don wani dattijo mai wucewa ba, da zumunci ya ji jiki a kan taku ɗaya.

Da na ce gobe a tsayar da mutum biyu a gefe, wani abokina ya ce zan kashe ruhin wasan, wai duk wanda ka sa wa mai gadi ka koya masa sata. Wannan magana mai daɗin ji ce, amma shirme ce.

Yaron nan ba maƙaryaci ba ne. Idonsa na sama yana bin faifai, ƙafarsa na ƙasa. Ta yaya zai ba da shaidar abin da bai gani ba? Mai tare shi ma faifan yake kallo. Ka tilasta wa mutum biyu masu gaskiya su yanke hukunci a kan abin da ya ɓuya musu, sannan ka yi mamaki don sun kira juna maƙaryata.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. A wurinmu ba a barin wanda ya rubuta manhaja ya zama shi kaɗai mai duba ta. Ba a zarginsa da ha'inci, an dai san laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hukunci iri biyu ne. Akwai wanda jikin ɗan wasa ya sani: ka bangaje ni, ka bugi hannuna. Wannan a bar wa amana, nan ne take da aiki, nan ne yaro ke koyon cewa "ni na yi" ba tare da usur ba. Akwai kuma na awo: ciki ko waje. Wannan aikin ido ne da ke tsaye daidai kan layi.

Masu wasan ma sun gane haka. A manyan gasannin Amurka akwai masu sa ido da ke yanke hukuncin layi, amma 'yan wasa ne ke fara kiran ƙeta. Kuskuren ɗaya gefen shi ne na gasar ƙwararru da aka fara can a 2012, wadda ta miƙa komai ga alƙalai. Idan ka ce ai Wimbledon ta sallami alƙalan layinta a 2025, to na'ura ta maye gurbinsu. Ba wanda ya ce ɗan wasan tanis ya faɗi inda ƙwallonsa ta sauka.

Mu ba mu da na'ura, kuma mun san yadda gasar ƙwallon unguwanni ke tashi baram-baram a kan satar gida da ƙwallon da ta fita. Abin da muke da shi mutum ne da tuta. A zaɓo shi kafin a fara, ɓangarorin biyu su yarda da shi, a iyakance masa aiki: layi kawai, kada ya sa baki a sauran.

Washegari mun tsayar da mutum biyu, ɗaya daga kowane gari. An yi gardamar ƙeta sau uku, yaran suka sasanta da kansu. A kan layi kuwa babu wanda ya sake rantsuwa.