Cinikin Gida a Ƙasar Daura: Tun Ran Gini Ran Zane

Ƙasa ta yi daraja a masarautar Daura. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, aka aza tubalin Jami'ar Sufuri a ƙarshen wannan shekarar, sannan aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, gonakin bakin hanya a Daura da Sandamu suka fara komawa fuloti. Kuɗin fili ya tashi, amma cinikinsa yana nan inda kakanni suka bar shi: dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba da kafin alƙalami, a kira shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, a biya la'ada, a shafa fatiha. Wannan tsari yana da mutunci, amma shi kaɗai ba ya tsare wa mutum gida. Gidan da aka saya a yau yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku, wato al'ada da shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kuma duk wanda aka zare a cikinsu tukunya za ta kife.

Dutsen da aka fi mantawa da shi shi ne dokar ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda tsarin mulkin 1999 ya ƙara wa ƙarfi, ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, sashe na 22 ya hana sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da izinin gwamna. A karkara kuwa, sashe na 21 ya ce sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 ya rufe ƙofa, domin ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Babu inda dokar ta ba mai unguwa ikon mallaka wa wani ƙasa. Takardarsa hujja ce cewa an yi ciniki an biya kuɗi, kuma tana da amfani a gaban alƙali, amma iyakar ƙarfinta ke nan. Masu sayen filin awon igiya su ma su san cewa sashe na 36 ya hana a yayyanka tsohuwar gonar karkara a mai da ita fuloti.

A wajen jingina abin ya fi tsanani. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo cewa jinginar da aka yi ba tare da izinin gwamna ba ɓatacciya ce, ko da mai gidan ya mallake shi tun kafin 1978. Idan banki mai tarin lauyoyi ya yi asara a kan wannan, ina ga ɗan kasuwar da ya karɓi gida jingina da fatar baki? Shi ya sa mai son ɗauke bashin gidansa daga wani banki zuwa wani dole ya biya na farko, ya karɓi takardar sakin jingina, sannan a sake neman izini. Jinginar da muka saba a ƙauye kuma, inda mai kuɗi yake ta noma gonar ko cin hayar gidan har ran da aka fanshe, tana da matsala tun a fiƙihun Malikiyya, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. Cikar wa'adi ma ba ta mayar da jingina mallakar mai bin bashi. Sayar da ita ake yi, a biya shi haƙƙinsa, a mayar wa mai kaya ragowar. Kuma ba a jinginar wa mutum na biyu abin da ke hannun na farko sai da saninsa da yardarsa.

Sai gidan gado, wanda ya fi kowane raba zumunci. Babban wa yakan sayar da gida kafin a raba, alhali matar mamaci tana da tumuninta, 'yan mata suna da kasonsu, wataƙila akwai marayu ƙanana ko ɗan'uwan da ke ci-rani a Kudu. Ba mai ikon sayar da abin da ba nasa ba. Ko kasonsa kaɗai ya sayar, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason, kuma littafin Risala ya nuna cewa wanda yake nan ba ya rasa wannan haƙƙi sai shekara ta wuce. Wanda ya biya kuɗi bai ga takardar rabon gado daga kotun shari'a ba, ko amincewar kowane magaji, ya yi cinikin biri a sama.

Wasu za su ce iyayenmu da amana suka yi cinikinsu, kuma neman takarda wurin ɗan'uwa zargi ne. Amsar ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga mutanen da suka fi mu amana ta sauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shaidu suna mutuwa, itacen da aka yi iyaka da shi ana sarewa, kuma galibi 'ya'yan masu ciniki ne suke gurfana a kotu bayan iyayen sun kwanta dama. Masu tsoron cewa rajista za ta jawo idon gwamnati su tuna cewa sashe na 28 ya ba ta ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a, da takarda ko babu. Ranar biyan diyyar gini da amfanin gona, mai takarda ne ba ya shan wahalar tabbatar da cewa wurin nasa ne.

Ƙorafin da yake da nauyi shi ne na tsada da jan lokaci. Manomi ba zai bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga zuwa Katsina kan fegi ɗaya ba, kuma laifin wannan yana wuyan hukuma. Maganin yana cikin dokar kanta, tunda ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama a karkara. Ya kamata Sandamu da Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa kowace ta buɗe rajistar filaye a sakatariyarta, da kuɗi kaɗan da aka rubuta a bango kowa ya gani, kowa kuma ya iya dubawa kafin ya saya. Hakimai da dagatai, waɗanda suka san tarihin kowace gona, su daina sa hannu a ciniki sai sun ga shaidar rabon gado, su kuma tura takardar kai tsaye zuwa rajistar.

Kafin a kai ga haka, mai saye ya riƙe kuɗinsa har sai ya san wa ya mallaki gidan, ta yaya ya same shi, ko yana jingine, kuma hukumar da doka ta ce ta amince ta amince ɗin. Mutum yakan yi shekara ashirin yana tara kuɗin gida, don haka jinkirin wata guda na bincike ba asara ba ne.