Darasin Matan Fada: a bar ruwa da daji su huta

1/ Jama'a, da an ce Kebbi sai kowa ya tuna Argungu. Amma damar su da farauta a jihar nan ta fi ƙarfin bikin kwana huɗu. Matsalar ita ce muna cinye jarin tun kafin ya haihu. Ku biyo ni. 🧵

2/ Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. A 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Ƙato guda fa ke nan!

3/ Me ya sa giwan ruwa ke kai wannan girman a Matan Fada? Saboda an hana su a wurin sai ranar biki. Ranar ma da homa da gora ake shiga. Kifi ya samu sararin girma, shi ke nan sirrin.

4/ Yanzu ku gangara Yauri. Ga Kogin Neja, ga tafkin Kainji, ga bikin Rigata. Me zai hana ɗan Kano ko Abuja ya zo hutun ƙarshen mako, ya hayi kwalekwale, ya jefa ƙugiya? Matasan Sarkawa su yi masa jagora, mai masauki da mai suyar kifi duk su samu.

5/ Amma baƙo ba zai biya kuɗi ya zo ruwan da babu kifi ba. Raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan kifi, wasu har guba suke zubawa. Wannan ba sana'a ba ce, ɓarna ce wallahi.

6/ Farauta ma haka. Rani na yi, samari su kwashi karnuka, a cinna wa daji wuta saboda zomo ɗaya. Ciyawar dabbobi ta ƙone, zabin daji su watse. Ka tambayi dattawan garinku yaushe rabonsu da ganin barewa.

7/ Ni dai ra'ayina: a yanke lokacin buɗewa da rufewa, a hana taɓa dabba mai ciki ko goyo, a daina ƙona daji. Mafarauta su yi rajista da katin shaida, domin a halin tsaron nan, shiga daji da makami ba takarda ganganci ne.

8/ Kuma a ba sarakunan ruwa da shugabannin mafarauta ikon sa ido. Su suka san wa ke ɓarna, sun fi ma'aikacin da ke zaune a ofis a Birnin Kebbi.

9/ 'Yan Kebbi, a garinku akwai lokacin da ake hana su ko farauta? Ku faɗa mana.