Talabijin Mai Komai-da-ruwanka a Gidan da Ba a Jona ta da Intanet

A Ikara da Maƙarfi da Kudan, kayan ɗakin amarya ba sa cika yanzu sai da filasma a jikin bango. Akasarin manyan da ake sayarwa a shagunan Zariya da Kano irin masu komai-da-ruwanka ne, waɗanda aka ƙera domin su hau intanet su buɗe YouTube da Netflix. Amma a gidaje da dama, tun daga ranar da aka fito da ita daga kwali har ranar da za ta lalace, ba za ta taɓa ɗanɗana intanet ba. Dikoda ce ke ciyar da ita, sai filashin da aka kai wa masu tura finafinai suka cika. Wasu samari na kallon wannan a matsayin ƙauyanci, wai an sayi doki an ɗaure shi a turke. Ni kuwa ina ganin masu gidajen nan sun fi masu yi musu dariya lissafi.

Mu fara da kuɗi. Bisa ƙiyasin Netflix da kansa, kallon sa'a guda yana cin kusan gigabait 1 a hoto na matsakaici, ya kai gigabait 3 a hoto mai tsabta, har zuwa 7 a mafi tsabta. Gidan da ake kallon sa'o'i uku kowane dare zai iya cinye gigabait 90 a wata, ko da a matsakaicin hoton aka tsaya. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Manomin rake a Maƙarfi, da mai tumatir a Ikara, da mai gonar inabi a Kudan, kuɗinsu na zuwa ne da kaka, alhali data wata-wata take ci. Arewa24 da tashoshin wa'azi da na labarai suna zuwa ta tauraron ɗan'adam, ba sa tsayawa suna juyi don sabis ya yi rauni.

Na biyu shi ne sirrin gida, kuma nan ne mutane ba su cika sani ba. Irin wannan talabijin tana ɗauke da wata manhaja da ke ɗaukar samfurin hoto ko sautin abin da ke kan allo, ta aika wa kamfani domin a gane me ake kallo, a kuma san irin tallar da za a turo. A 2017 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba tare da izinin masu su ba. A 2024 kamfanin Walmart ya saye Vizio a kan kusan dala biliyan 2.3, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne kasuwar talla da ke cikin akwatin. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma wane magidanci ne a Hunƙuyi zai kai ƙarar kamfanin da ke Koriya ko Sin? Talabijin da ba a jona ba, ba ta da hanyar kai rahoto. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, wayon talabijin yana tsufa kafin allonta. A ƙarshen 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu tsofaffin talabijin na Samsung da Vizio, alhali hotonsu garau yake. Ramin da ake soka dikoda da filashi kuwa ba ya jiran izinin kowa. Wanda ya dogara da su, kayansa na hannunsa.

Duk da haka, akwai abin da ake rasawa, kuma ba ƙarami ba ne. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube suke fara fita, haka karatuttukan malamai da darussan ɗalibai. Sai dai wayar da ke aljihu ta riga ta ɗauke wannan nauyi: a sauke shirin inda sabis ke da ƙarfi, ko lokacin garaɓasar dare, a zuba a filashi, iyali su kalla sau goma da kuɗin sau ɗaya. Wannan hanya tana kuma ba iyaye damar sanin abin da ke shiga idon 'ya'yansu, domin abin da aka zuba kawai za a gani. Aibinta guda ne, kuma dole a faɗe shi: yawancin abin da masu turawa ke sayarwa, waɗanda suka sha wahalar shirya shi ba sa samun ko kwabo. Wannan haƙƙi ne da ya kamata masu finafinai da masu turawa su zauna su daidaita.

Saboda haka uban da zai sayi talabijin don ɗakin 'yarsa ya canza tambayar da yake yi wa mai shago. Wuta nawa take ci, sola da batirin gida za su iya ɗaukarta? Wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta, ya san muhimmancin wannan. Ramukan dikoda da filashi nawa gare ta? Tana kunnuwa ba tare da ta nemi a buɗe asusu ba? Idan ta lalace, akwai mai gyaranta a Zariya? In an kunna ta karon farko ta nemi a jona ta, a tsallake wurin, a saita ta ta riƙa buɗewa kai tsaye a kan dikoda.

Wannan ba uzuri ba ne ga kamfanonin sadarwa da gwamnati. Ɗalibin Ikara ya cancanci intanet mai ƙarfi da araha kamar na Abuja, kuma za mu ci gaba da neman haka. Amma ko ranar da ta iso, wayarsa da kwamfutarsa ne suka fi buƙatarta. Ta bangon falo ta tsaya a aikin da aka saye ta dominsa: ta nuna abin da masu gida suka zaɓa, ta kuma riƙe musu sirrinsu.