Ƙwannafi a Kasuwar Artisan: maganin ba ya cikin kofin kanwa

Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan an ƙirga awaki da raguna an ɗaure, babu inda ke cika a Kasuwar Artisan ta birnin Enugu kamar teburin mai shayi. Ɗan kasuwar da ya wuni a tsaye daga goro sai ruwan leda, a lokacin ne yake zama ya biya cikinsa bashi: Indomie biyu da ƙwai uku da attarugu, rabin burodi, da babban kofin shayi mai kauri. Kafin rabin sa'a ya shimfiɗa tabarma ya miƙe. Can tsakar dare sai ya farka da wuta a ƙirji da ɗaci a maƙogwaro. Abin da zai lalubo cikin duhu sananne ne: guntun kanwa ƙulle a leda, ya jiƙa a kofi ya shanye, ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya koma barci yana ganin ya sha magani. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Onitsha, duk inda neman abinci ya sa mutum ya baro girkin gida a Arewa.

Yawancinsu olsa suke kiran wannan ciwo, alhali sau da yawa ƙwannafi ne. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da bakin jaka, wadda ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako, ko tumbi ya cika ya batse, ruwan tsamin da ke narka abinci sai ya tsiyayo sama, inda babu kariyar da tumbi ke da ita. Mutumin da ke tsaye, nauyin abin da ya ci yana riƙe shi a ƙasa. Da zarar ya kwanta, wannan taimako ya ƙare.

Ba a banza mutane suka amince da kanwa ba, domin tana aiki. Dangin hodar soda ce da masu gashi ke sa wa fulawa, kuma tana kashe kaifin ruwan tsami nan take. Gyatsar da ke biyo baya iskar da haɗuwarsu ta haifar ce. A Enugu kuwa samunta ba wuya, tun da Inyamurai ma na sa ta a abacha da nkwobi, suna kiranta akanwu. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, ba ta gyara tsokar da ta saki, kuma kowane kofi lodin sinadarin sodiyam ne, wato ainihin abin da ake gudu a cikin gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana. Wanda ya ci Indomie biyu da ɗanɗanonsu ya riga ya yi nisa a wannan ma'auni tun kafin ya jiƙa kanwa.

Arewa ta taɓa ganin inda wannan hanya ke kaiwa. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin matan da ke zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da kumburin jiki da gazawar zuciya bayan haihuwa. Yawansu ya ba duniyar likitoci mamaki, kuma binciken ya danganta lamarin da kunun kanwa da gashin jego na kwana arba'in. Ɗan kasuwa ba mai jego ba ne, gaskiya, amma magidancin da ya haura shekara arba'in, wanda bai taɓa auna jininsa ba, kuma yake jiƙa kanwa dare uku a mako, yana ɗora wa zuciyarsa da ƙodarsa kayan da bai san nauyinsu ba.

Madara ma haka take: tana sanyaya ƙirji na 'yan mintuna, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami. Turawa sun riga kowa faɗawa wannan rami. A 1915 wani likita a Chicago ta Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ba masu gyambon ciki madara da hodar soda sa'a-sa'a, har aka gano cewa haɗin na iya lalata ƙoda. Citta tana taimaka wa mai tashin zuciya, amma babu hujja mai ƙarfi cewa tana tsayar da ƙwannafi, na'ana'ar da ake jefawa a shayi kuwa sassauta waccan tsoka take yi.

Hanyoyin da aka tabbatar suna rage ƙwannafi ba tare da ƙwaya ba, babu wadda ake sha a cikinsu, wataƙila shi ya sa ba a ɗaukarsu da daraja. Ta farko ita ce tazarar sa'a uku tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Sai ɗaga wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20: mai gado ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon na sama, mai tabarma ya jingina faffaɗan katako a kan buhu ta yadda ƙirji zai fi ciki tudu. Tara matasan kai ba ya wadatarwa, lanƙwasa mutum yake yi ya matse cikin. Kwanciya ta gefen hagu ta fi ta dama sauƙi, saboda yadda tumbi ke zaune a jiki. Barin taba da rage teɓa suna da tasiri sosai. Tauna cingam bayan cin abinci yana kawo yawu mai wanke bututun. Goro, kofi, lemon kwalba da abinci mai maiƙo da yaji kuwa, kowa ya lura da wanda ke tayar masa, don ba duka ke damun kowa ba.

Za a ce wannan shawara ce ta mai zaman ofis, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tirelar da ta taso daga Potiskum ko Maigatari ba ta da lokacin isowa, dillalin da ya tashi cin abinci kuma ciniki na iya wuce shi. To amma ba a ce a rufe kasuwa ba. Ƙunshin okpa da hantsi, da ɗan abinci mai nauyi bayan la'asar, sun isa su mayar da na dare ya zama ɗan kaɗan. Abokan rumfa da ke karɓa-karɓar zuwa salla za su iya yin haka wajen cin abinci. Shugabannin kasuwar da ke sasanta rigimar bashi da ta fili, ba zai gagare su gayyato ma'aikacin lafiya da na'urar awon jini sau ɗaya a wata ba.

Akwai kuma wani ɓarawon da ba a zargi: haɗin maganin gajiya na kemis. Diclofenac da ibuprofen da ke cikinsa suna cin bangon tumbi, musamman idan babu komai a ciki. Mai lodin da ke haɗiyarsu da safe ya sha kanwa da dare, da hannunsa yake hura wutar da yake kashewa.

Dabarun gida suna da iyaka. Gyambon ciki na gaskiya, mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwaji, ana kashe ta da magani na kimanin mako biyu, kuma babu jiƙon da zai yi wannan aiki. Ƙwannafin da ke dawowa fiye da sau biyu a mako, abincin da ke maƙalewa a ƙirji, rama babu dalili, aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, duk na likita ne, kuma asibitin koyarwa na Parklane yana cikin gari, na Ituku-Ozalla yana kan hanyar Fatakwal. Idan kuwa zafin ƙirjin ya zo da zufa da sarƙewar numfashi, yana sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi, mai yiwuwa zuciya ce, kuma mintunan da za a ɓata ana jiran kanwa ta narke su ne ya kamata a yi a cikin Keke Napep zuwa asibiti.