Sababbin dabaru: injin da ke gina kayan tsofaffin motoci

A tashoshin mota da yawa, daga Tahoua har Zinder, akan ga wata tsohuwar mota kwance a gindin bedi, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. In aka tambayi mai ita, sau da yawa sai ya ce injinta lafiya lau yake. Wani ɗan abu ne ya karye, wanda bai fi tafin hannu ba. An nema a Maradi, an aika Kano, ba a samu ba. Kamfanin ya daina yin sa.

Ga misali Peugeot 404, wadda ta daɗe tana kai mutanen karkara kasuwa. An fara ƙera ta a Faransa a 1960, aka daina a 1975, sai Kenya ta ci gaba da haɗa ta har 1991. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, an kuwa yi ta haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000. Yanzu duka an bar yin su. Kamfani ba ya zuba ƙarfe sai da mazubi, mazubi kuwa tsada gare shi. Ba wanda zai kashe wannan kuɗi don ya sayar da guda ashirin.

To, akwai wata dabara da ta fara magance wannan matsala. Wani inji ne da Turawa ke cewa yana buga kaya, kamar yadda ake buga jarida. Amma gini ya fi dacewa da aikinsa.

Masassaƙi in zai yi turmi, guntun icce yake samu, ya yi ta rage shi da gizago har turmi ya fito. Mai ginin tukunya ta Mirya kuwa ƙarawa take yi. Tana ɗora yumɓu bisa yumɓu, zagaye bayan zagaye, har tulu ya tashi. Haka mai ginin rumbu yake yi da laka. Wannan inji hanyar magina ya bi.

Da fari ana auna abin da ya karye, tsawonsa da faɗinsa da kowane rami nasa, a zana siffarsa cikin kwamfuta. Akwai ma wata na'ura mai haske da ke duba abin ta kowane gefe, ta ɗauki awon da kanta. Sai kwamfuta ta yanka siffar sala-sala, ta ba injin umurni. Injin yana da zaren roba a naɗe kamar zaren masaƙi. Yana jan zaren cikin wani ɗan baki mai zafi, wajen digiri 200, robar ta narke, bakin ya yi ta zagaya yana shimfiɗa ta. In ya gama sala ɗaya, ya ɗaga kaɗan ya soma na bisa. Salan siriri ne ƙwarai, akan ɗora biyar kafin a cika milimeta ɗaya. Shi ya sa ƙaramin abu ma yakan ci awoyi.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Wani mutumin Amurka, Chuck Hull, ya yi rajistar wata irinta a 1984. Mai aiki da zaren roba kuwa Scott Crump ne ya yi rajistarta a 1989. Shekara ashirin ba mai ikon kwaikwayonta. Da wa'adin rajistar ya cika a 2009, masu ƙerawa suka yawaita, kuɗin injin ya faɗi.

Akwai kuma babban wanda ke aiki da ƙarfe. Shi garin ƙarfe ake shimfiɗa masa, mai laushi kamar garin gero da aka tankaɗe. Wani haske mai ƙuna, ana ce masa leza, yana bi yana narka garin daidai inda ake so. A sake shimfiɗa wani garin, hasken ya sake bi. A 2018 kamfanin Porsche na Jamus ya ba da labarin ya yi amfani da shi don wata motarsa mai suna 959, wadda guda 292 kaɗai aka ƙera. Wani ƙarfen kulocinta ne ya ƙare ƙaf. Suka gina sabo, suka aza masa nauyin kusan tan 3 don gwaji, bai karye ba. A shekarar nan kuma Mercedes-Benz ta gina gindin madubin cikin wata motarta ta 1954.

Waɗannan motocin masu kuɗi ne, ana ajiye su cikin ɗaki ana gogewa kamar dokin sarki. Ta mutumin karkara ba don ƙawa ake riƙe ta ba. In ta kwanta ranar kasuwa, albasa ce za ta ruɓe a Galmi, ko mai naƙuda ta rasa abin da zai kai ta gidan likita. Ashe bukatar ta fi tsanani a nan.

Sai dai a yi hattara. Injin ƙarfe kuɗinsa ya fi na motoci da yawa a haɗe, ba na ƙaramin gareji ba ne. Na roba shi ne mai araha. Har wani mutumin Togo, Afate Gnikou, ya haɗa nasa a birnin Lome a 2013, da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar. Amma roba roba ce. Wadda aka fi samu takan yi laushi in zafi ya kai digiri 60, cikin motar da aka rufe aka bari a ranar bazara kuwa yana iya kai haka. Akwai masu jure zafi, sun fi tsada. Mariƙin ƙofa, murfi, maɓallin fitila, duk ana iya yin su. Birki da sitiyari da abin da ke riƙe taya kuwa, duk wanda ya sa musu robar da ba a gwada ba ya ɗauki alhakin fasinjansa. Kuma injin yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa. In ta ɗauke ana tsakar gini, aikin yakan lalace.

Inda dabarar ta fi kusa da mutanen ƙasar nan shi ne wajen maƙera. A kasuwar Katako ta Niamey da wasu garuruwa akwai masu zubin tukwanen alminiyom. Sukan danna tukunya cikin yashi mai danshi, su cire ta a hankali, su zuba narkakken ƙarfe a gurbinta. Masu gyaran tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma haka suke yi. Suna gina siffar abin da roba, su kai wa mai zubi, shi ya danna ta cikin yashi ya zuba ƙarfe. Robar nan samfuri ce kawai, ba ita za ta shiga mota ba. Har da wata riba: ƙarfe yakan tsuke kaɗan in ya huce, don haka in aka yi zubi da tsohon abin kansa, sabon yakan fito ƙarami. A kwamfuta kuwa ana iya ƙara wa samfurin girma daidai gwargwado tun kafin a gina shi.

Da maƙeri da mai injin, kowa da tsohon abin yake fara aiki. Don haka mai mota, ko mai injin niƙa, ko mai injin ban ruwa na garka, in wani abu ya karye masa kada ya jefar, kada ya sayar wa masu awon ƙarfe a kilo. Ya tattara gutattakin duka, har ɗan ƙaramin, ya ƙulle cikin tsumma. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta sunan injin, da lambar da ke jikin abin, da wurin da aka ciro shi, ya sa takardar cikin ƙullin.