Digiri Da Kasuwar Kan Iyaka

Ana ta gardama a zaurukan Lafani da rumfunan kasuwar Illela, wai ko yaro ba ya zama mutum sai ya riƙe takardar jami'a, watau digiri.

Masu cewa ba tilas ba ne suna da hujja mai ƙarfi. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, bai shiga jami'a ba, ga shi kuwa a zamaninsa shi ake fara ambata cikin attajiran Afirka ta Yamma. Khalifa Isyaku Rabi'u na Kano da allo ya fara, sai da ya haddace Alƙur'ani sa'an nan ya kama saye da sayarwa. Haka dillalan shanu da fataken albasa da ke cika Illela ran Lahadi, da ka suke lissafin Naira da Sefa, jarinsu kuwa amana ce da sanin mutane har Birnin Ƙonni. Ba a karantar da wannan a aji.

Amma hujjar tana da iyakarta. Cikin Agustan 2019 Gwamnati ta rufe kan iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamban 2020. Cikin 2023 aka sake rufewa saboda juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Motoci suka yi jerin gwano, albasa ta ruɓe, bashi ya hau masu kaya. A ofis ake zartar da irin wannan hukunci, ofis kuwa da takarda ake shigarsa: mai digiri daga mataki na 8 yake fara aikin Gwamnati, wanda ba shi da ita daga can ƙasa. Falke, komai dukiyarsa, sai ya tsaya bakin taga yana jiran sa hannu.

Shi kansa Khalifa ya gane haka, don ɗansa Abdussamad ya yi karatun jami'a a Amurka, kamfaninsa na BUA kuwa shi ne mai simintin Kalambaina.

Lalle akwai samarin da suka gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa cikin 1975, suka rasa aiki suka komo rumfar mahaifansu, mutane na yi musu dariya. Alhali gidan da ba shi da ko ɗa guda mai iya karanta takardar kwastan, ta Turanci da ta Faransanci, shi ke biyan ejan la'ada a kan kowace mota.